Tsokaci a Kan Ra'ayoyin Masu Karatu Game da Littattafan James Hadley Chase

Gabatarwa

Da wuya a sami wanda ya yi makarantar sakandare a Nijeriya daga shekarun 1970 zuwa na 1990 bai taɓa riƙe littafin James Hadley Chase ba, ko da kuwa a ɓoye ne cikin littafin lissafi. Har gobe ana samun tsofaffin kwafinsa a wurin masu baza littattafai a bakin titi, daga Legas da Ibadan har Kano. Duk da wannan farin jini, manazarta adabi a jami'o'inmu ba su cika ɗaga kai su dube shi ba. Wannan maƙala za ta auna ra'ayoyi 3 da muka saba ji daga bakin ɗalibai da abokan aikinmu game da wannan marubuci, domin a tantance inda masu karatu suka yi daidai da inda suka ɗora wa littattafan abin da babu shi a cikinsu.

Marubucin da Ayyukansa

Sunansa na yanka René Lodge Brabazon Raymond. An haife shi a Landan a 1906, ya mutu a ƙasar Suwizalan a 1985, ya kuma bar littattafai wajen 90. Ya yi sana'ar sayar da littattafai kafin ya fara rubutu, saboda haka ya san abin da ke tafiya a kasuwa. Littafinsa na farko, No Orchids for Miss Blandish, ya fito a 1939. Yawancin labaransa a Amurka ya gina su, alhali kuwa bai taɓa zama a can ba sai gajerun ziyarce-ziyarce; da taswira da ƙamus na karin maganar 'yan birni ya ƙago Amurkarsa. Ya ƙirƙiri masu bincike masu zaman kansu, irin su Dave Fenner da Vic Malloy, sannan daga baya ya kawo Tom Lepski, ɗan sandan ciki na wani ƙagaggen gari a Fulorida mai suna Paradise City.

Ra'ayi na Farko: Littafinsa Ba Ya Ajiyuwa

Wannan shi ne abin da kowa ke fara faɗa, kuma mun yarda da shi. Sai dai idan aka tambayi dalili, akan ce wai don ana son a gano wanda ya aikata laifin. A nan ne muke ganin akwai gyara. A labaran binciken laifi na asali, kamar na Sherlock Holmes da Arthur Conan Doyle ya fara a 1887, ko The Murder of Roger Ackroyd na Agatha Christie da ya fito a 1926, marubuci yana ɓoye mai laifi ne, ya watsa alamu, ya bar mai karatu yana gasa da mai bincike har shafin ƙarshe. Chase bai cika bin wannan zubi ba. A No Orchids for Miss Blandish tun farko mun san cewa wasu ƙananan ɓarayi ne suka sace 'yar attajirin saboda sarƙar lu'ulu'unta, mun kuma ga yadda gungun Ma Grisson da ɗanta Slim suka ƙwace ta daga hannunsu. Lokacin da uban ya ɗauki Fenner aiki, mai karatu ya riga ya fi mai binciken sanin abin da ake ciki.

Ashe ke nan abin da ke riƙe mu shi ne fargabar yadda za ta kaya. A Tiger by the Tail na 1954, wani ma'aikacin banki mai suna Ken Holland ya yi amfani da tafiyar matarsa ya ziyarci wata mai zaman kanta, sai aka kashe ta yana gidan. A Just Another Sucker, an ja Harry Barber cikin shirin satar mutum ta ƙarya, sai wasa ya koma kisa. Mutum ne kamar kowa, ya yi taku ɗaya a karkace, mu kuma muna kallon igiya tana ƙara shaƙe shi babi bayan babi. Littattafan Vic Malloy guda 3 da suka fito a 1949 da 1950 su ne suka fi kusa da labarin bincike na sosai, domin Malloy ne ke ba da labari da bakinsa, muna gano abubuwa tare da shi. Amma a lurarmu, ba su ne masu karatu suka fi ambata ba idan ana hirar Chase. Sun yi gaskiya game da daɗin, sun yi kuskure game da mafarinsa.

Ra'ayi na Biyu: Yana Koyar da Cewa Laifi Ba Ya Riba

Masu kare Chase sukan ce ai duk mugun da ke cikin littafinsa ƙarshensa halaka, don haka akwai darasi. Wannan ra'ayi ya fi kowanne jan hankalinmu, domin yana nuna ma'aunin da Bahaushe ke zuwa da shi wurin karatu. Wanda ya tashi da tatsuniya da waƙoƙin wa'azi da Magana Jari Ce ya saba neman jigon gargaɗi a kowane labari. Da ya ga 'yan fashin The World in My Pocket na 1959 sun sace motar kuɗi sun kasa cin ko kwabo, sai ya ce alhaki kwikwiyo ne.

To amma alhaki yana bukatar duniyar da ke da mizani, inda mai gaskiya ke tsira. A duniyar Chase, abin da ke kayar da ɓarawo shi ne kuskuren lissafi, ko cin amanar abokin tafiya, ko tsautsayi. Marar laifi ma bai tsira ba. An ceto Miss Blandish daga hannun Slim, amma abin da aka yi mata ya riga ya gama da ita, ta faɗo ta taga ta mutu. Wane laifi ta yi? Shi kansa mai binciken ba don Allah yake aiki ba, ladansa yake nema, kuma ba ya ƙyamar duka da tsoratarwa idan za su buɗe masa baki. Saboda haka darasin da masu karatunmu ke gani, daga tarbiyyarsu suka zo da shi. Wannan ba aibu ba ne, sai dai wajibi ne manazarci ya bambance abin da ke kan takarda da abin da mai karatu ya ƙara.

Ra'ayi na Uku: Shara Ce Mai Ɓata Tarbiyya

Wannan ra'ayin iyaye da malamai ne, kuma ba a Nijeriya ya fara ba. A 1944 George Orwell ya rubuta maƙala mai suna Raffles and Miss Blandish, inda ya nuna cewa littafin yana ɗaukaka ƙarfi da zalunci, ya kuma lura da kamanninsa da Sanctuary na William Faulkner na 1931. Kafin nan, kotu a Ingila ta ci tarar Chase da mawallafinsa saboda Miss Callaghan Comes to Grief na 1941. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin. Mata a littattafansa galibi ko dai tarko ne ko ganima, kuma hotunan da kamfanin Corgi ya riƙa sa wa bangon littattafan sun ƙara wa zargin ƙarfi. Ɗalibanmu mata sun fi maza saurin lura da wannan, kuma muna tare da su.

Amma kalmar shara ta yi tsauri. Orwell da kansa bai musanta gwanintar rubutun ba. A Faransa kuwa, kamfanin Gallimard ya sa Chase cikin marubutan farko na jerin Série noire da aka fara a 1945. Mutumin da ya iya gajeriyar jimla, da zance mai tura labari gaba, da rufe babi a daidai inda numfashi ke tsayawa, ya mallaki wata fasaha da ta cancanci nazari, ko da ba mu yarda da inda ya kai ta ba.

Abin da Ya Shafe Mu

Irin wannan muhawara ce aka tafka a jaridu a shekarun 1990 game da abin da aka kira adabin kasuwar Kano, bayan fitowar littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991: masu karatu suna rububi, wasu masana suna yamutsa fuska. A fagen labaran laifi kuwa, tun 1982 muna da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda suka nuna cewa Hausa na iya ɗaukar labarin ta'addanci da fasa-ƙwauri. Ɗalibin da ke son bin wannan sahu yana iya koyon saƙa da jan rai daga Chase. Abin da bai kamata ya kwaso ba shi ne aron gari. Chase ya rubuta Amurkar da bai sani ba ya sha, domin yawancin masu karatunsa ma ba su san ta ba. Wanda zai rubuta Sabo ta Ibadan ko Agege ko Fagge, ga masu karatu da suka san kowane lungu, ba shi da wannan rangwame. Haka kuma mai bincike mai ofis da sakatariya baƙo ne a wurinmu; sai marubuci ya tambayi kansa wa ke bin sawun gaskiya a unguwarsu idan an yi ɓarna, ɗan jarida ne, ko lauya, ko mai unguwa, ko uwar da ta ƙi haƙura.

Kammalawa

Mun ga cewa kowane ɗaya daga ra'ayoyin nan 3 yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Mai karatu shaida ne a kan abin da littafi ya yi masa, kuma ba a ƙaryata shi a nan. Amma bayyana yadda littafin ya yi hakan, da abin da ya shigar ta bayan fage, aikin mai tarke ne. Idan muka raina abin da jama'a ke karantawa, mun bar su ba jagora. Idan kuma muka ɗauki yawan ciniki a matsayin hukunci, mun ajiye aikinmu. Shawararmu ga ɗalibai ita ce su karanta Chase sau 2, na farko don daɗi, na biyu da alƙalami a hannu.