Jini Mai Kiran Jini: Nazarin Tsarin Wasan Makbet

Wajen shekarar 1606 Wiliyam Shekspiya, marubucin Ingila, ya rubuta wasan kwaikwayon Makbet, labarin wani sarkin yaƙi na ƙasar Sikotilan wanda ya kashe sarkinsa don ya hau gadon sarauta. Kashi biyar ne wasan, kuma darasinsa yana cikin yadda aka jera kashin nan.

Da wani ne ya tsara labarin, da sai ya ajiye kisan sarki can ƙarshe don ya riƙe masu kallo. Shekspiya bai yi haka ba. A kashi na ɗaya mayu uku suka yi wa Makbet albishirin sarauta, matarsa ta zuga shi. A kashi na biyu har ya kashe Sarki Dankan, baƙonsa, yana barci. Ke nan kashi ukun da suka rage, wato galibin wasan, bayani ne a kan abin da laifi ke mai da mai shi.

Mu dubi kisa ukun da ke ɗauke da ginin. Kafin na farko, Makbet ya yi ta kai-kawo da zuciyarsa, har ya ce ya fasa. Da ya aikata, sai ya fito yana makyarkyata, ya kasa ko faɗin amin. Ba a ma nuna mana kisan a dandali ba. Na biyu, a kashi na uku, abokinsa Banko ne, kuma 'yan ina-da-kisa ya ɗauka haya, bai shawarci ko matarsa ba. Nan ne tsakiyar wasan, nan ne kuma al'amari ya juya: ɗan Banko ya tsere, fatalwar mamacin ta zauna a kujerar Makbet wajen liyafa, manyan ƙasa suka fara zarginsa. Na uku, a kashi na huɗu, matar Makdaf ce da 'ya'yanta, kisan da ba ya ƙara masa komai. Wannan karon a gaban idonmu aka soke yaro. Tunanin mai kisan yana raguwa, muninsa yana ƙaruwa, mu kuma ana ƙara buɗe mana ido.

Mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ba sa bukatar a fassara musu wannan tsani. Sun ga yadda satar shanu ta haifi ramuwa, ramuwa ta haifi ƙona ƙauyuka, har aka kai ga kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Hannun da ya yi rawa ran farko, yau ba ya rawa.

A kashi na biyar ake warware ƙullin. Matar da ta raina jini tana yawo cikin barci tana wanke hannu. Alkawuran mayun suka cika ta fuskar da Makbet bai zata ba: sojoji suka taho ɗauke da rassan dajin Banam, Makdaf kuma ya bayyana cewa farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi. Makbet ya gane an yaudare shi, amma bai tuba ba. Da takobi a hannu ya mutu. Haka Sarki Saul ya ƙare bayan ya nemi mai duba ta Endor. Dawuda ma ya hau irin wannan tsani, daga Batsheba zuwa jinin Uriya, sai dai da annabi Natan ya tsare shi, ya amsa laifinsa.

Wasan yana da rauninsa: doguwar hirar Malkam da Makdaf a Ingila tana sanyaya gudun labarin. Duk da haka ginin ya tsaya daram. A kowane kashi akwai ƙofar komawa, kowace kuwa ta fi ta bayanta ƙunci. Mai hikima yakan juya tun lamirinsa yana da sauran murya.