Faɗa da Cikawa: Sharhi a Kan Littattafan Furucin Ƙarfafa Kai

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wani rukuni na littattafai da ya yaɗu daga Turai da Amurka zuwa sauran duniya, wanda ke koya wa mai karatu cewa zai iya sauya halinsa, ya ɗaukaka darajarsa a idon kansa, ta hanyar maimaita wasu zaɓaɓɓun jimloli safe da yamma. Waɗannan jimloli su ne muka kira furucin ƙarfafa kai. Za mu dubi marubuta uku da suka fi tasiri a wannan fage, watau Emile Coue da Norman Vincent Peale da Louise Hay, mu nazarci yadda suka gina maganarsu, sa'an nan mu auna ta da sakamakon binciken masana halayyar ɗan Adam. Daga ƙarshe za mu kwatanta wannan furuci da kirari, domin shi ne nau'in adabinmu na baka wanda mutum ke faɗa wa kansa magana don ya ƙara zuciya. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, furuci yana amfanar mai shi gwargwadon shaidar da ke bayansa, kuma laifin waɗannan littattafai shi ne raba magana da shaida.

2.0 Mafarin Al'amarin

Emile Coue mai haɗa magunguna ne, an haife shi a garin Troyes na ƙasar Faransa a shekarar 1857, ya rasu a Nansi a 1926. A shagonsa ya lura cewa idan ya yaba wa maras lafiya ingancin magani lokacin da yake miƙa masa, sau da yawa maganin yakan fi yi masa aiki. Daga nan ya kai ga ra'ayin cewa abin da mutum ya sawwara a zuciyarsa ya fi ƙarfin niyyarsa tasiri. Misalinsa da ya shahara shi ne na katako: a shimfiɗa shi a ƙasa, kowa zai bi ta kansa ba fargaba, a ɗora shi tsakanin dogayen hasumiyoyi biyu, sai ƙafa ta kama rawa, alhali faɗin katakon bai ragu ba. Abin da ya sauya shi ne hoton faɗuwa da ya shiga zuciya.

Maganin da ya bayar jimla ɗaya ce tak, wadda ma'anarta ita ce mai faɗinta yana ƙara samun sauƙi kullum ta kowace fuska. Ya ce a maimaita ta sau 20 da safe, sau 20 da dare, da murya ƙasa-ƙasa, ba tare da takura wa zuciya ba, ana ƙirgawa da igiya mai ƙulli 20. Duk wanda ya san carbi zai gane inda aka aro wannan siga. Bambancin shi ne, mai wuridi yana fuskantar Ubangijinsa, shi kuwa almajirin Coue kansa yake yi wa magana.

Akwai abu biyu da ya kamata a yaba wa Coue a kansu. Na farko, bai hana mutane shan magani ba. Na biyu, kuma wannan ya shafi mu masu nazarin harshe, jimlarsa tana cikin lokaci mai ci ne. Ba ta ce mutum ya warke ba, cewa ta yi yana kan hanyar samun sauƙi. Irin wannan magana ko mai jinya zai iya faɗinta ba tare da zuciyarsa ta ƙaryata shi nan take ba, domin ba ta yanke iyaka ba, kuma ba ta musanta ciwon da yake ji ba.

3.0 Daga Nansi Zuwa Amurka

Coue ya ziyarci Amurka a 1923, aka yi masa gagarumar tarba, kuma a can ne wannan iri ya sami ƙasa mai taki. A 1952 Norman Vincent Peale, limamin wani coci a birnin Niyok, ya fitar da littafinsa The Power of Positive Thinking. Ya ɗauki dabarar maimaici ya haɗa ta da ayoyin Baibul, ya kuma karkata ta daga neman lafiya zuwa neman nasara a kasuwa da wurin aiki.

Idan muka dubi tsarin littafin za mu tarar kusan kowane babi tubali ɗaya aka gina shi da shi. Wani mutum, galibi ɗan kasuwa ko dillali, ya shiga ƙunci. Ya haɗu da marubucin a jirgin ƙasa ko bayan an tashi daga lacca. An ba shi jimlar da zai riƙa maimaitawa. Bayan wani lokaci sai ga shi ya dawo da albishir. Yawancin waɗannan mutane ba a faɗi sunayensu ba, balle mai karatu ya bi sawu, kuma tun a shekarun 1950 masu sharhi suka yi ƙorafi a kan haka. Wannan tsari ya yi kama da na tatsuniya: matsala, haɗuwa da mai ba da laƙani, sa'an nan buɗi. Sai dai ita tatsuniya tana da adalci, domin takan buɗe da ga ta nan ga ta nanku, ta rufe da ƙurunƙus, kowa ya san da ƙagaggen labari yake tare. Peale kuwa ya gabatar da nasa labarai a matsayin hujja. Har ila yau, wanda ya maimaita jimlar shekara guda kasuwarsa ta ci gaba da durƙushewa ba shi da gurbi a littafin, domin irinsa ba ya dawowa ya ba da labari.

Louise Hay ce ta kai al'amarin ƙarshensa a littafinta You Can Heal Your Life na 1984. A wurinta jimlar ta bar lokaci mai ci ta koma bayanin tabbataccen hali: mutum ya tsaya gaban madubi ya shaida wa kansa cewa ya riga ya zama abin ƙauna, mai wadata, mai cikakkiyar lafiya. Sa'an nan ta jera cututtuka, kowace da irin tunanin da ta ce shi ke haddasa ta da furucin da zai kawar da ita. Ciwon daji, alal misali, ta danganta shi da daɗaɗɗen ƙullaci da riƙo a zuci. Babu binciken likitanci da ya tabbatar da wannan jeri.

Ba za mu musa cewa a rubutun Hay akwai tausasawa ba, kuma mutane da yawa da aka raina tun suna ƙanana sun sami sanyi a cikinsa. Amma ga inda gizo ke saƙar. Idan tunani ne ke kawo ciwo da talauci, to duk wanda bai warke ba, ko bai yi arziki ba, shi ya jawo wa kansa. Littafin da ya fara da yi wa mai karatu alkawarin iko sai ya ƙare da ɗora masa laifi. Matar da daji ya ci ƙarfinta, da saurayin da ya gama karatu bai sami aiki ba, duk an mayar musu da alhakin halin da suke ciki, an wanke rashin asibiti da rashin masana'antu. Barbara Ehrenreich, wadda ita kanta ta yi jinyar dajin mama, ta yi wannan suka da ƙarfi a littafinta Bright-sided na 2009.

4.0 Abin da Bincike Ya Nuna

A 2009 Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo a Kanada, tare da abokan aikinta biyu, ta buga sakamakon wani gwaji da ya taɓa zuciyar wannan batu. An sa ɗalibai su riƙa maimaita jimlar da ke cewa su mutane ne abin ƙauna, sa'an nan aka auna yanayin zuciyarsu. Waɗanda dama suke ganin darajar kansu sun ɗan ƙara jin daɗi kaɗan. Waɗanda ba su ganin darajar kansu kuwa, watau ainihin mutanen da aka rubuta littattafan dominsu, sai suka fi shiga damuwa a kan takwarorinsu da ba su maimaita kome ba. Dalilin a fili yake. Idan baki ya faɗi abin da ya yi wa zuciya nisa, zuciya takan tashi da gardama, ta shiga jero hujjojin da ke rushe maganar. A wani sashe na binciken an ga cewa irin waɗannan ɗalibai sun fi samun sauƙi idan an bar su su yi tunanin inda jimlar ta dace da su da inda ba ta dace ba, fiye da idan an tilasta musu kallon gefe guda.

Haka kuma zaton cewa ganin darajar kai shi ne tushen kowace nasara bai tsaya da ƙafarsa ba. A 1986 Jihar Kalifoniya ta kafa kwamiti na musamman don yaɗa wannan ɗabi'a, bisa fatan za ta rage laifuffuka da shaye-shaye da faɗuwa a makaranta. Malaman jami'a da aka nema su tattara hujjoji sun tarar alaƙar da ake zato mai rauni ce. A 2003 Roy Baumeister da abokan aikinsa suka bi ɗimbin bincike, suka kammala cewa ganin darajar kai ba shi ke kawo ƙwazo a makaranta ba. Galibi ƙwazon ne ke haifar da shi. Watau an ɗaura wa doki linzami a wutsiya.

Duk da haka akwai wani nau'i da ya nuna amfani, kuma wajibi ne a rarrabe shi da wanda muke suka. Claude Steele ya gabatar da ra'ayinsa a 1988 cewa mutum yakan jure barazana ga mutuncinsa idan ya tuna da wani abu mai daraja da ya riga ya mallaka. A kan wannan Geoffrey Cohen da abokan aikinsa suka gina gwajin da suka buga a 2006: an sa 'yan makaranta a Amurka su yi rubutu na kimanin minti 15 a kan abin da ya fi muhimmanci a rayuwarsu, kamar iyali ko abokai ko addini, kuma sakamakon jarrabawar yara baƙar fata ya ɗaga. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba duka suka ba da wannan sakamako ba, saboda haka ba a ɗauke shi maganin kowace cuta ba. Abin lura dai shi ne, ba a sa yaro ya faɗi abin da ba shi ne ba. An tuna masa ne da gaskiyar da ya riga ya sani.

5.0 Kwatanci da Kirari

Bahaushe bai jahilci ƙarfin furuci ba. Yana cewa fata nagari lamiri, yana tsoron mugun baki, yana kuma da kirari, wanda ɗan dambe da ɗan kokawa da ɗan tauri da maharbi ke yi wa kansu. A zahiri kirari da furucin ƙarfafa kai 'yan gida ɗaya ne: duka biyu da bakin mai magana ake yin su, duka biyu akwai kambamawa, duka biyu ana nufin su tsuma mai yin su. Amma akwai sharuɗɗa uku da ke riƙe da kirari, waɗanda littattafan nan suka yar.

Sharaɗi na farko shi ne shaida. Mai kirari yakan ambaci ubansa da ubangidansa da garinsu da mazajen da ya kayar. Kome kambamawar da ke ciki, ginshiƙinta tarihi ne wanda jama'a suka sani. Ta wannan fuska kirari ya fi kusa da abin da Steele ya bayyana fiye da madubin Hay. Na biyu shi ne masu sauraro. A fage ake kirari, bayan makaɗi ya kaɗa take, a gaban mutanen da za su iya gaskatawa ko su yi dariya. Wanda bai taɓa kisa a dambe ba ya tashi ya yi kirarin manya, tun kafin ya rufe baki zai ji sakamako. Na uku shi ne gwaji. Kirari shimfiɗa ce ga aiki. Da an gama shi sai a shiga fage, a nan take a ga faɗa da cikawa ko a ga cika baki.

Bugu da ƙari, al'ada ta yi wa kirari iyaka ta wuri da lokaci. Ɗan damben da ya cika fage da ruri, idan ya koma cikin dattawa sai ya durƙusa ya yi gaisuwa, domin a can hukuncin da ke aiki shi ne yabon kai jahilci. Furucin littattafan nan kuwa kirari ne da aka raba da makaɗi da 'yan kallo da abokin karawa, aka bar mutum shi kaɗai a ɗaki yana gardama da zuciyarsa. Ba abin mamaki ba ne da binciken Wood ya nuna cewa zuciyar ce ke yin rinjaye.

6.0 Kammalawa

Mun ga yadda wannan furuci ya taso daga lurar wani mai haɗa magunguna, wadda ke da ƙamshin gaskiya, ya bi ta hannun Peale ya zama laƙanin kasuwa, ya iso hannun Hay ya zama bayanin kowane ciwo. A kowane mataki alkawari yana ƙaruwa, hujja tana raguwa. Ba muna cewa mutum ya daina faɗa wa kansa alheri ba ne, domin mai yi wa kansa mugun baki kullum shi ma cutar kansa yake yi. Abin da nazarin ya nuna shi ne, maganar da ke amfani ita ce wadda zuciya za ta iya sa wa hannu: ta ambaci abin da aka riga aka yi, ta yarda da abin da ya rage, ta kuma ɗaure mai ita da aikin da zai yi gobe.

Wannan yana da muhimmanci gare mu malamai, musamman ga masu sha'awar fassara irin waɗannan littattafai ko rubuta makamantansu da Hausa. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ba ya bukatar a koya masa cewa shi haziƙi ne wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Ya fi bukatar a nuna masa tambayoyin da ya amsa daidai, a ce ya faɗi wannan da bakinsa, sa'an nan a zauna da shi a kan waɗanda ya kasa. Muna kuma ba da shawara ga masu nazarin adabin baka da su binciki kirari ta fuskar abin da yake yi wa zuciyar mai yin sa, tare da masana halayyar ɗan Adam, domin yawancin nazarin da muka saba yi ya fi karkata ga siga da salo.