Romon da Ya Tsaya a Gurbin Nama: Nazari kan Girkin Japan

A shekarar 675 Sarki Tenmu na Japan ya kafa dokar hana cin naman shanu da dawakai da karnuka da birai da kaji, daga wata na huɗu zuwa na tara, wato lokacin aikin gona. A sannan addinin Buddha, mai ƙyamar kashe abu mai rai, ya riga ya samu gindin zama a fada. Sarakunan da suka biyo baya sun yi ta sabunta hanin har ƙin naman dabbar gida ya zama ɗabi'a. Ba kowa ne ya bari ba, don mazauna duwatsu sun ci gaba da farautar barewa da aladen daji, 'yan birni kuma sukan ci da sunan magani. Duk da haka tukunyar yawancin gidaje ta yi kusan shekara 1200 ba nama, ba nono, ba man shanu, sai a 1872 da aka shelanta cewa Sarki Meiji da kansa ya ci naman sa.

To da me aka ci shinkafa duk tsawon wannan zamani? A ganina, rabin abin da duniya ke yaba wa girkin Japan a yau amsar wannan tambaya ce, kuma rabin amsar yana cikin wani romo garai-garai da suke kira dashi.

Abu biyu ne jigonsa. Na farko kombu, wani faffaɗan ganyen teku da ake cirowa a gaɓar tsibirin Hokkaido a shanya. A zamanin Edo (1603 zuwa 1868) jiragen fatake ne ke ɗauko shi su bi gaɓar yamma har Osaka, shi ya sa girkin Osaka da Kyoto ya fi dogara da shi, duk da nisansu da inda yake fitowa. Na biyu katsuobushi, kuma nan ne gwanintar take. Ana yanka wani kifi ɗan uwan tuna, a dafa, a cire ƙaya, a yi ta banda shi na makonni. Mai daraja a cikinsa sai an bar wata irin fumfuna ta lulluɓe shi, a shanya a rana, a kankare, a sake, watanni ana abu ɗaya har ya bushe ƙamas ya yi taurin itace. Garuruwan Makurazaki da Yaizu sun yi suna a wannan sana'a.

Shi kuwa mai girki, jiƙa kombu zai yi, ya ɗora a wuta, ya tsame kafin ruwan ya tafasa, ya watsa gogaggen kifin, bayan minti ɗaya ko biyu ya tace. Shi ke nan. Wahalar watanni an riga an sha ta a gidan mai banda, aikin da ya rage a madafa shi ne kada a ɓata. Wanda ya saba da miyar da ake soyawa ta wuni a kan wuta zai raina wannan romo da ido, har sai ya kurɓa.

A 1908 wani malamin kimiyya a jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya gano cewa sinadarin gulutamet ne ke ba kombu wannan armashi. Shekara ɗaya bayan nan aka fara sayar da sinadarin a matsayin Ajinomoto, wato farin magin nan da ake samu a teburin kowane mai kayan miya daga Kano zuwa Maraɗi. A 1913 almajirinsa Shintaro Kodama ya gano wani sinadarin dabam a cikin busasshen kifin, daga baya kuma aka tabbatar cewa idan biyun suka haɗu ɗanɗanon ninkuwa yake yi. Masu girki sun daɗe da sanin haka da harshe.

Ɗaya rabin amsar tsimi ne. Da fumfunar koji ake sarrafa waken suya da shinkafa su zama miso (wani ƙullun miya mai gishiri) da shoyu (baƙin ruwan ɗanɗano mai gishiri) da ruwan tsami. Akwai kuma natto, waken suya mai yauƙi da ƙarfin wari, wanda irin ƙwayar halittar da ke mayar da kalwa daddawa ce ke nunar da shi. Bambancin kawai, mu a miya muke jefawa, su kuwa a kan shinkafa suke ci da safe.

A watan Disamba na 2013 hukumar UNESCO ta sanya washoku, wato al'adar abincin Japan, cikin jerin al'adun gado na duniya. Ya cancanta, amma hoton da ake tallatawa ya fi gaskiyar tsafta. Tempura, wato kifi ko ganyen da ake tsomawa a ƙullu a soya, daga Turawan Fotugal aka koya a ƙarni na 16. Sushin da aka sani yanzu, wato curin shinkafa da kifi a kai, abincin bakin titi ne da ya ɓulla a birnin Edo (Tokyo ta yau) wajen 1820, na ɗanyen kifin salmon kuwa 'yan kasuwar Norway ne suka tallata shi tun daga shekarun 1980. Farar shinkafa ma ba cimar talaka ba ce a da: manomi haraji yake biya da ita, shi ya ci gaurayen sha'ir da gero, 'yan birnin da suka dogara da ita zalla kuma cutar beriberi ta addabe su. Gishirin da ke cikin miso da shoyu da tsimammun ganyaye shi ma ya yi ɓarna, musamman a arewa maso gabas inda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa yin ƙamari.

Karramawar kuma ta zo ne lokacin da abin ke ja da baya a gida. A 1962 mutum ɗaya na cin kusan kilo 118 na shinkafa a shekara, yanzu bai kai rabin haka ba. A 2011 kuɗin da gidaje suka kashe wa burodi ya zarce na shinkafa. Dashi ɗin ma, tun da kamfanin Ajinomoto ya fito da garin Hondashi a 1970, uwargida da yawa cokali ɗaya take zubawa a ruwan zafi, katsuobushi mai fumfunar kuma ya koma hannun manyan gidajen abinci da masu iya biyan kuɗinsa.