Jigon Ruwa da Alhaki a Fim ɗin Hamaguchi

Manufar wannan takarda ita ce nazarin jigon fim ɗin Ryusuke Hamaguchi na 2023, Aku wa Sonzai Shinai, wato "Babu Mugunta". A ƙauyen Mizubiki na ƙasar Japan, wani kamfanin Tokyo ya zo gina sansanin shaƙatawa domin ya ci tallafin gwamnati na annobar korona. A taron gari aka gano cewa ramin ƙazantar sansanin zai gurɓata ruwan sha. Nan dagaci ya fito da jigon fili: ruwa gangarowa yake yi, saboda haka alhakin na gangare yana wuyan na tudu.

Ƙarfin fim ɗin, a ganina, shi ne ƙin raba mutane gida biyu. Wakilan kamfanin, Takahashi da Mayuzumi, 'yan aike ne kurum. Takumi, tauraron labarin, ya yarda cewa kakanninsa ma baƙi ne da suka zo bayan yaƙi. Shaƙe Takahashi da ya yi a ƙarshe kan rikita mai kallo, amma an riga an share fage, domin Takumi ya faɗa cewa barewa ba ta kai hari sai an raunata ta. Ke nan tambayar da aka bar mana ita ce: wa ya fara harbin?