Gwanintar Mai Shiga Tsakani

A ce ɗan acaɓa ne a Samaru. Ya ɗauki fasinja da daddare daga bakin ƙofar jami'a zuwa wajen Bomo, a hanya fasinjan ya zaro wuƙa, ya yanke shi a hannu, ya gudu da babur. An kama ɓarawon, alƙali ya yanke masa shekaru, aka kai shi gidan yarin Ƙofar Doka. A takarda magana ta ƙare. Amma ɗan acaɓan har gobe ba ya iya ɗaukar fasinja bayan isha'i, kuma akwai tambayoyin da kotu ba ta ba shi damar yi ba: me ya sa sai ni? Ka daɗe kana bibiyata ne? Da na yi gardama, kashe ni za ka yi? Mutum ɗaya ne a duniya yake da amsa, shi kuwa yana kulle.

Haɗa waɗannan mutum biyu a ɗaki ɗaya, su yi magana, su tashi ba a ƙara wa kowa ciwo ba, aiki ne na gwanaye. Dokar ƙasa ma ta san da shi. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, wadda ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, ta tanadi zaman sasanci tsakanin wanda aka zalunta da wanda ya yi zaluncin, ko kafin shari'a, ko yana cikin zaman kaso, ko bayan ya fito. Turawa kan ɗauko tarihin abin daga garin Elmira na Kanada, inda a 1974 wasu samari biyu suka yi wa mutane 22 ɓarna a dare ɗaya, wani jami'i mai suna Mark Yantzi ya ba da shawara a sa su bi gida-gida su fuskanci mutanen, su biya. Mu kuwa tun kafin nan muna da zauren mai unguwa, muna da shari'ar da ta bar wa dangin mamaci zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa. Wato tun asali an san cewa wanda aka cuta yana da ta cewa.

Sai dai sulhun da muka saba gani yana da wata cuta: gaggawa. Dattawa su taru, kafin mai rauni ya gama numfasawa an ce masa, "Ka yi haƙuri, ka bar wa Allah." Ya dubi furfurarsu, kunya ta kama shi, ya ce ya yafe, ya koma gida da abin a ransa. Gwanin mai shiga tsakani, abin da ya bambanta shi da sauran ke nan: ya iya riƙe kalmar "ka yi haƙuri" a bakinsa har lokacinta ya yi, ko da kuwa ba zai yi ba.

Yawancin aikinsa kafin ranar zaman yake yin sa. Yakan fara da mai laifin, ya ziyarce shi sau da yawa, yana sauraron yadda yake ba da labarin. Wanda har yanzu yake cewa "tsautsayi ne," ko "sharrin shaiɗan ne," ko "abokai ne suka ja ni," bai isa zama ba tukuna. Sai ranar da ya ce "ni na yi," bai haɗa da "amma" ba. Gwani kuma yana da hancin gane mai neman sassauci daga mai nadama, don haka tun farko yake gaya masa cewa zaman ba ciniki ba ne. Sannan ya je wurin wanda aka cuta, ba don ya lallashe shi ba, sai don ya ji abin da yake so. Wani amsa yake nema. Wani so yake a ga tabon da ke hannunsa. Wani kuɗin magani da jarinsa ne damuwarsa, kuma babu abin kunya a ciki. Idan ya ce ba ya son ganin fuskar mutumin, shi ke nan, an rufe maganar, ba a turo masa kawunsa ko limamin unguwa su matsa masa.

A ranar zaman, ƙananan abubuwa ne suke ɗauke da nauyi. Wa zai fara shiga, wa zai zauna kusa da ƙofa, wa zai rako kowannensu. Wanda aka cuta shi ke zaɓen ko ya fara magana ko ya fara saurare. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwani yake barin shiru ya yi aikinsa. Idan ɗaki ya yi tsit bayan tambaya mai zafi, mu da ba mu iya ba sai mu yi maza mu cike gurbin da wa'azi. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya jira, domin ya san amsar gaskiya a bayan wannan shirun take fitowa. Idan murya ta tashi ba ya tsawatarwa, sai in ta koma zagi ko barazana.

Mai ganin kamar ba zai yiwu ba, ya dubi Kaduna. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a wani rikicin addini a 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu a ɗaya ɓangaren. A 1995 aka haɗa su, suka kafa cibiyar sasanci da ta kai har ga yarjejeniyar zaman lafiya ta Yelwa da Shendam a 2005. Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi shekaru suna aiki tare zuciyarsa ba ta sauka ba. Masu wannan aiki sun san haka, shi ya sa ba sa auna nasara da musabaha a ƙarshen zama.

Akwai kuma iyaka, gwani ya fi kowa saninta. Laifi irin fyaɗe ba a kai shi zaure a kashe maganar don rufin asirin gida; wannan haɗa baki ne da azzalumi, kotu ce wurinsa. In ma za a yi zama, sai bayan hukunci, sai kuma in wadda aka cuta ce ta nema da kanta.

Abin da aka amince a kai, rubutawa ake yi: nawa za a biya, a wane lokaci, wa ya tsaya masa. Daga nan mai shiga tsakani ya shiga zirga-zirga, domin ranar fitowar mai laifin daga gidan yari tana tafe. Shi zai sanar da wanda aka cuta tun da wuri, kada su yi kiciɓis a tasha. Shi zai je kasuwar Sabon Gari ko garejin wani bakanike ya roƙi a karɓi yaron koyon sana'a, ya ce, "Alhaji, na san abin da ya yi, ni na tsaya masa." Sannan duk ƙarshen wata ya bi sawu ya ga ko kuɗin da aka yi alkawari ya isa hannun mai shi.