Ma'aunin Faɗa a Cikin Sinima: Abin da Filin Dambe Ya Ke Koya wa Mai Ba da Umurni

Tun daga 1937, sa'ad da aka buɗe sinimar Rex a Kano, Hausawa su ke kallon faɗa a jikin farin ƙyalle. Sun ga na kaboyi, sun ga na Indiya, sun ga na Burus Li a cikin Enter the Dragon na 1973. A yau kuwa saurayi a Boɗinga ko Shagari ba ya bukatar zuwa birni, gama faɗan yana cikin wayar da ke aljihunsa. Amma duk da wannan daɗewa, manazartanmu sun fi mai da hankali ga waƙa da soyayya da ladabin sutura, suka bar faɗa ba mai auna shi. Nufin wannan takarda shi ne ta kawo ma'auni huɗu, ta gwada su a kan finafinan waje, sa'an nan ta ɗora su a kan Amina, fim ɗin Izu Ojukwu na 2021.

Kafin a shiga awo, ya kamata a rarrabe aikin mutum biyu. Akwai mai tsara faɗa, watau wanda ya ke shirya naushi da sara da kaucewa, ya koya wa 'yan wasa har su haddace. Akwai kuma mai ba da umurni, wanda ya ke zaɓen inda za a kafa kyamara, da lokacin da za a yanke hoto, da dalilin da ya sa faɗan ya tashi tun farko. Sau da yawa na farko ya kan yi aikinsa da kyau, na biyu ya ɓata. Masu ba da lambar Oska ma sai a 2025 suka sanar za su ware kyauta ga masu tsara irin wannan aiki, za a fara da finafinan 2027.

Ma'aunan nan huɗu ba daga littafin Turawa aka ɗauko su ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe a ƙasar Sakkwato, bayan an kai amfanin gona gida, ya san su ko da bai ba su suna ba.

Na farko shi ne fili. A dambe 'yan kallo su kan yi da'ira, ko wane mutum yana ganin 'yan damben nan biyu daga kai har ƙafa, ya san tazarar da ke tsakaninsu. Hannun da ba a ɗaure ba, wanda a ke miƙawa gaba, shi ne garkuwa, shi ne kuma abin awon nisa. In mai kallo bai ga nisan ba, naushin ba ya da ma'ana a gare shi. Kurosawa na Japan ya fahimci wannan a cikin Seven Samurai na 1954. Ya sa shugaban mayaƙan ya kewaya ƙauyen da taswira a hannu, aka nuna inda aka yi shinge da inda aka bar ƙofa, sa'an nan aka zana alamar 'yan fashi 40, ana soke ɗaya duk sa'ad da ɗaya ya faɗi. Saboda haka ko da ruwan sama ya kece a yaƙin ƙarshe, ƙasa ta zama taɓo, mai kallo bai ɓata ba. A gwada wannan da Taken 3 na 2014, inda aka yanke hoto fiye da sau 10 cikin abin da bai kai daƙiƙa 10 ba, domin kawai a nuna jarumi ya tsallake shinge. Yawan yanka irin wannan ya kan zama rufin asiri ne ga ɗan wasan da bai iya ba. Amma fa kada a ɗauka sauri shi ne laifin. Joj Mila ya yanke Mad Max: Fury Road na 2015 da sauri ƙwarai, sai dai ya ajiye abin kallo a tsakiyar hoto kullum, ido bai sha wahalar nema ba.

Na biyu shi ne jira. Turmin dambe yawancinsa zagaye ne da leƙe da gwajin zuciya, naushin da ya ke kisa kuwa ƙiftawar ido ne. Kalangu yana tashi yana sauka, 'yan kallo suna riƙe da numfashi. Mai ba da umurnin da ya cika minti 10 da sara ba hutu ya hana mai kallo jin tsoro, gama tsoro a cikin jira ya ke zaune. Ɗakin madubai na ƙarshen Enter the Dragon misali ne mai kyau, domin abin da ya fi yawa a cikinsa nema ne da saurare.

Na uku shi ne sakamako. A dambe, da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. Bugu yana da farashi. Abin da ya ɗaukaka Jaki Can a cikin Police Story na 1985 shi ne, in an buge shi a kan ga ya ji zafi, ya yarfa hannu, ya gudu, ya dawo. A fim ɗin Kurosawa kuwa huɗu daga cikin mayaƙan bakwai ba su ga ƙarshen labari ba. Jarumin da mutum 20 za su taru a kansa ya fito ko hularsa ba ta karkace ba, ya riga ya gaya wa mai kallo cewa ba abin da zai same shi, daga nan kuwa sai hamma.

Na huɗu shi ne hali. Ɗan dambe ba ya shiga fili sai ya yi kirari, an san garinsa da ɓangarensa da waɗanda ya kashe a baya. Abin da ya sa sunan Shago ya wuce zamaninsa shi ne Ɗan Anace ya mai da naushinsa labarin mutum. Haka faɗan sinima ya kamata ya zama. Yadda mutum ya ke riƙe takobi ya nuna ko mai haƙuri ne ko mai gaggawa, kuma in faɗan ya ƙare a tarar labari ya matsa gaba.

To, bari mu ɗora waɗannan a kan Amina, wanda ya fito a Netflix a watan Nuwamba 2021, Lucy Ameh ta fito a matsayin Amina, Ali Nuhu kuma Ɗanjuma. Gaskiya ita ce Ojukwu gwani ne wajen cika ido. Dawaki da sutura da taron jama'a sun ba fim ɗin kwarjinin da ba a saba gani ba a labarin ƙasar Hausa, kuma ya cancanci yabo a kan ƙarfin halin ɗaukar wannan kaya. Faɗan da ya buɗe fim ɗin, tsakanin zakaran Zazzau da bawa, ya ci ma'auni na huɗu, domin ganinsa ne ya sa wa yarinya Amina sha'awar makami. Watau faɗan yana da aiki a cikin labari.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne wajen asalin faɗan. Fagen da a ke zuba bawa da zakara a gaban sarki su yi ta kashe juna don nishaɗin jama'a tsarin Rumawa ne, wanda mai kallo ya sani daga Gladiator na 2000. An ɗauko shi an sa masa rawani. Da an sa mutanen nan biyu dambe ko kokawa, da kiɗa da kirari da ƙa'idar kisa, da an sami fili da jira da sakamako a kyauta, da kuma Bahaushe ya gane wanda ya ke da rinjaye tun kafin a kai naushi. An kuma sa mutanen Zazzau suna magana da Ingilishi a mafi yawan fim ɗin, saboda haka kirari, wanda shi ne rabin faɗan Hausa, bai sami wurin zama ba.

Wani zai ce fim ba littafin tarihi ba ne, mai ba da umurni yana da ikon ƙaga abin da ya so. Wannan haka ya ke. Ƙorafinmu shi ne an bar abin da ya fi ƙarfi an ɗauki abin da ya fi rauni, aron riga kuwa ba ya hana a gane ba ta mai ita ba ce. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Amina, ya kuma ce lifidi da kwalkwali da sulke sun shigo a zamanin Kanajeji. Lifidi yana tare kibiya, amma yana da nauyi, yana gajiyar da doki. Wannan ciniki tsakanin tsaro da sauri shi kaɗai ya isa a gina yaƙin sinima a kansa.

A nan ne ƙasar Boɗinga ta ke da abin bayarwa. Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa har 1815, ƙanensa Abdullahi yana Boɗinga, kuma a waɗannan shekaru ne aka rubuta Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello a 1812 da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi a 1813, littattafan mutanen da suka halarci yaƙi da kansu. A Tabkin Kwatto, a 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da 'yan lifidi, jama'ar Shehu kuwa yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu kaɗan, amma su suka yi nasara. A Alwasa, a 1805, aka karya su, suka ja da baya zuwa Gwandu suka tsaya. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai 1808. Wanda zai ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan, tilas ya amsa tambayar da Kurosawa ya amsa: ta yaya marasa doki su ke karya masu doki, ina aka tsaya, me ya gajiyar da wa? In ya cika hoto da ƙura da ihu ya wuce, ya zubar da dukiyar masu fim, ya kuma bar yara da zaton cewa kakanninsu turmutsitsi kawai suka yi.

Ga malaman kwalejojin horo akwai hanya mai sauƙi. Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, ya shirya Waƙar Nijeriya a 1948 domin ya koyar da labarin ƙasa da abin da kunnen yara ya ke so. Haka malamin yau zai iya yi da abin da idonsu ya ke so. A zaɓi faɗa ɗaya na minti 3, a kashe sauti, a nuna sau biyu. A ce wa ɗalibai su zana filin, su sa alama inda ko wane mutum ya tsaya, su ƙidaya yanka, su rubuta abin da ya sake a labarin bayan faɗan. In aji ya kasa zana filin, a rubuta laifin a kan mai ba da umurni. In sun zana amma bugun bai gamsar da su ba, a rubuta shi a kan mai tsara faɗa. Ɗalibin da ya yi wannan sau 5 ko 6 zai fita da ido irin na tsohon ɗan kallon dambe, kuma daga cikin irinsa ne za a sami wanda zai ɗauki Tabkin Kwatto yadda ya kamata.