Iska a Cikin Ƙyalle: Nazarin Filafilan Jiragen Kara

Suka iri biyu ke jiran duk wanda ya ƙera ɗan jirgin ruwa ya ɗaura masa filafilai, wato zannuwan nan da iska ke cikawa ta tura jirgi. Ta farko ta gida ce. A Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu, dattijo zai duba ya ce ina ruwan biri da gada: ƙasar da babban ruwanta shi ne Gulbin Sakkwato, wanda yake komawa yashi a wurare da yawa in rani ya yi nisa, me ya haɗa ta da jirgin teku? Yaro ya tsaya ga motarsa ta kara yadda yayyensa suka yi. Ta biyu daga Turai take, daga bakin gwanayen sana'ar kansu. Da yawansu suna ganin ƙyalle ɓata ƙaramin jirgi yake yi, domin yana rufe igiyoyin da aka sha wahalar ɗaurawa, kuma komai ƙoƙarin mutum sai abin ya fito kamar shanya.

Sukar farko ba ta da wuyar turewa. Kowa ya san yadda ake yi bayan an yanke dawa: a fere ɓawon kara, a yanka totuwa gunduwa-gunduwa, a soke da tsinke ko ƙayar aduwa, kafin la'asar mota ta tashi. Amma motar kanta baƙuwa ce. Jirgin ƙasa bai kai Ƙaura Namoda ta Tsafe da Gusau ba sai a 1929, kuma da shi da masana'antar gurzar auduga ne langalanga ta yawaita, wannan siririn ƙarfen ɗaure dila, har yara suka samu motar langalanga. Daga baya gwangwanin madara da kwali da tsohon silifa suka shigo, aka yi tirela, aka yi jirgin sama. Ba a taɓa tambayar yaro ko kakansa ya hau jirgin sama kafin a bar shi ya kwaikwaya ba. Balle ma jirgin iska ya riga mota shiga tarihin Bahaushe. Kafin jiragen sama su karɓe jigilar alhazai, masu tafiya Makka a ƙasa sukan shafe shekaru suna ratsa Chadi da Sudan, su isa Sawakin, da yawansu kuma su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda a cikin jiragen katako na Larabawa masu filafili mai kusurwa uku.

Suka ta biyu ce mai nauyi, don tana da tarihi a bayanta. Ƙananan jiragen da aka riƙa ƙera wa hukumar sojan ruwan Ingila tun daga ƙarni na 17, yawanci bisa ma'aunin 1 cikin 48, waɗanda ake gani yau a gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich, galibinsu ba su da filafilai. Haka fursunonin Faransa da aka tsare a Ingila tsakanin 1793 da 1815, waɗanda suka riƙa sassaƙa jirage da ƙashin naman da ake ba su: sun cika su da igiyoyi, akasari suka bar su tsirara. Sai dai waɗannan duk 'yan baya ne. A 1920 mai haƙo kayan tarihi Herbert Winlock ya buɗe wani ɗan ɗaki a kabarin wani mai suna Meketre kusa da Luksor a Masar, ya tarar da ƙananan jirage da suka kai kimanin shekara 4,000, waɗanda aka raba tsakanin Alƙahira da New York. Maƙeran Masar sun san iskar Nilu daga arewa take busowa, shi ya sa suke yin jirage kashi biyu: mai zuwa kudu da jigonsa a tsaye don filafili, mai gangarowa arewa da jigo a kwance da matuƙa a jere. Wato tun farkon sana'ar, ana son ɗan jirgi ya faɗi inda ya nufa da abin da ke tura shi. Jirgin da aka bari tsirara yana nuna gwanintar kafinta ne kawai.

Gaskiyar masu sukar a wuri ɗaya take, wurin lissafi. Katako yana yarda a ƙanƙanta shi, ƙyalle ba ya yarda. Kaurin zanen filafili na gaske yana kusa da milimita 1. In an rage jirgi sau 100, kamata ya yi zanen ya koma kashi 1 cikin 100 na milimita, alhali takardar rubutu ma ta ninka haka sau 10. Ɗinki ya fi muni. Keken tela da ke saka allura duk bayan milimita 2, a wannan ma'aunin daidai yake da ɗinkin da taku ɗayansa ya kai santimita 20. Saboda haka wanda ya yanko akoko ko shadda ya kai wa tela ya kalmashe masa baki, ya riga ya faɗi tun bai fara ba.

Ga kuma nauyi. Filafili ɗaya na jirgin yaƙin Victory da ya tsira daga yaƙin Trafalgar na 1805, wanda ake ajiye da shi a Portsmouth da hujin harsashi kusan 90 a jikinsa, ya kai kilo 370. Jirgin Cutty Sark, da aka ƙera a 1869, a zamanin tafiyarsa yakan ɗauki zanen da faɗinsa ya kusa murabba'in mita 3,000. Zane mai wannan nauyi yakan zubo, yakan yi ciki, yakan ja kusurwoyinsa har su yi tsini. Ƙyalle mai faɗin tafin hannu ba shi da nauyin da zai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dole mai ƙira ya sa masa su da hannu, ya kuma daskarar da su. Nan ne fasahar take, kuma nan ya kamata a daɗe.

Zaɓen ƙyalle ne farko. Sabo ba ya yi, don zarensa a miƙe yake da taurin kai. Tsohon rawanin harsa da ya sha wanki, ko farin gyale da ya sille, sun fi kowane yadi na kanti. Gwanayen Turai sun koma ga wata siririyar takarda mai ƙarfi da ake yi da zaren abaka, wani ɗan'uwan ayaba na Filifin, irin wadda ake lulluɓe ƙananan jiragen sama da ita. 'Yar'uwarta tana teburin kowane mai shayi, domin da irin wannan zaren ake yin takardar ƙunshin ganyen shayi, shi ya sa ba ta narkewa a ruwan zafi. Ga ɗan jirgin da bai wuce taƙi ɗaya ba, takardar da aka buɗe aka wanke ta wadatar, ga ta kuma da launin tsufa tun daga tukunya.

Sai layuka. Filafili ba falle ɗaya ba ne. A jiragen Ingila, dogayen yankuna masu faɗin inci 24 ake jerawa a ɗinke, yadda masaƙanmu ke harhaɗa sirarun saƙa su tayar da zane. A ma'aunin 1 cikin 48, tsakanin layi da layi rabin inci ne. Fensir mai tauri da aka fiƙe shi ne maganin wannan, a ja layin da sauƙi ta fuska biyu, yadda sai an matso za a gan shi. Masu dagewa sai an yi ɗinki na gaske suna cewa fensir ha'inci ne. To ai jirgin gaba ɗaya kwaikwayo ne, kuma ido ne alƙali.

Bakin filafili na gaske da igiya ake bi shi. A ƙarami, silin tagulla ɗaya da aka zaro daga tsohuwar wayar lantarki ko naɗin lalataccen fanka ake kwantarwa a gefe, a naɗe bakin ƙyallen a kansa da gam. Wannan wayar ita ce ƙashin filafilin. Da ita ake lanƙwasa gefuna, da ita ake jan kusurwar ƙasa ta yi kamar igiya na fizgarta.

Daga nan sai babban aiki, wato yin ciki. A jiƙa ƙyallen da abin da zai ƙame, a kifa shi a kan wani abu mai doro, a bar shi ya bushe. Abu na farko da hannu ke kaiwa gare shi shi ne bayan ƙwarya ko balan-balan, kuma yawancin ɓarna daga nan take. Ƙwarya zagaye take ta kowace fuska, filafili kuwa ba kwano ba ne. Mai kusurwa huɗu a miƙe yake ta sama, inda aka ɗaure shi da sandar gicciye, sai ya fara kumbura a hankali, cikin ya fi zurfi a ƙasa da tsakiya, sannan kusurwoyi biyu na ƙasa su ja baya. Mai kusurwa uku irin na Larabawa da na Zanzibar zurfinsa ya fi kusa da gaba, wajen sulusin farko, ya miƙe zuwa baya. Wanda ya taɓa lura da mai babbar riga a kan babur a hanyar Gusau zuwa Kwatarkwashi ya ga abin: a kafaɗa rigar a ɗame take, kumburin yana can baya, gefen da iska ke fita kuma yana karkarwa. Shi ya sa zunguru ko wuyan gora ya fi ƙwarya, ledar da aka cika da yashi kuma ta fi su duka, domin ana iya tausa ta da yatsa har ta ba da doron da ake so, kowane filafili da nasa.

Kafin ya gama bushewa akwai ɗan lokacin da ƙyallen ke karɓar magana. A lokacin ne ake jan kusurwa da zare a soke da allura, don ƙananan tamoji su taso daga kusurwar su bazu zuwa tsakiya. Waɗannan tamojin su ne shaidar cewa igiya na ja. Filafili sumul babu tamoji kama yake da roba. Da hunturu wannan lokacin gajere ne ƙwarai, don iskar Disamba a Zamfara tana busar da siririn ƙyalle kafin a gyara zama, saboda haka a ɗaki ake yi, a kuma rufe saboda ƙura.

In an zo ɗaurawa, iska ɗaya ce tak ke busa jirgi. Duk filafilai su kumbura ta fuska guda, igiyoyin da ke riƙe da su su ɗame, waɗanda ba sa aiki su saki. Tuta ce ke tona asirin mai ƙira. Idon da ya saba da mota yana so ta karkata baya, amma jirgin da iska ke turawa daga baya tutarsa gaba take nunawa. Wasu kan kauce wa wannan wahala duka su naɗe filafilan a jikin sanda, su ce jirgin a tashar ruwa yake. Dabara ce mai kyau, muddin an rage tsawon ƙyallen da kamar rabi don kada naɗin ya yi ƙato, amma gudun jarrabawa ce.

Abin da littattafan wannan sana'a na Turai ke ta kewayawa a kai, wato yadda za a sa laushin ƙyalle ya riƙe siffa bayan an cire shi daga kan abin da aka kifa shi, sana'ar yau da kullum ce a garuruwan nan. Mai wankin hula a Tudun Wada ko Sabon Gari a Gusau yakan wanke zanna ko damanga, ya ba ta sitaci daidai gwargwado, ya ɗora ta a kan gungumen itacen da aka sassaƙa da siffar kai, ya shanya, ya cire ta tsaya cak. Ya san in sitaci ya yi kauri zai bar fari-fari ya kuma karye, in ya yi ruwa hular ta kwanta kafin Juma'a ta zagayo. Masu naɗa wa sarakuna rawani, a fadar Yandoton Tsafe ko ta Kwatarkwashi, sun san yadda ake tayar da kunnuwa biyu daga yadi marar nauyi su tsaya. Mai guga ya san bambancin ƙyallen da ya jiƙe da wanda ya yi danshi kawai. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke buƙatar ganin teku kafin ya gane matsalar filafili in an ajiye masa ita. Yaron Zamfara da ke son jirginsa ya yi rai ya fi kusa da malamai fiye da takwaransa na Landan, wanda hannun da ya saba da sitaci ya yi ƙaranci a unguwarsu.

Ko a motar kara ma ilimin yana da amfani. Gingimarin da ke ɗauko buhunan masara daga Tsafe zuwa Funtuwa da tamfol take tafe, igiya ta shaƙe shi a wurare, iska ta kumbura shi a tsakani. Yara sukan ƙera gidan direba da bodi da tayoyi har da madubi, su bar bayan a buɗe, ko su yafa masa leda. Tamfol ɗin da aka yi wa ciki da tamoji yadda ake yi wa filafili zai sa a ga nauyin kaya da gudun mota a abin da ke ajiye a kan tebur.

Inda hanyar gida ke da rauni shi ne abin ƙamewar. Sitacin rogo yana ba da kyan gani, amma hula ana sake wanke ta, filafili kuwa sau ɗaya ake yi. Danshin watan Agusta yana sake shi, kyankyaso da gara kuma abincinsu ne. Ƙaro da aka jiƙa ya fi shi riƙo, sai dai yana ƙyalli, yana kuma tsattsagewa in hunturu ya tsananta. Farin gam na kafintoci irin su Top Bond, in an tsinka shi da ruwa har ya koma kamar madara, ya fi su jure damina, kuma ba ya canza launin ƙyalle. Ruwan shayi da ake rina filafili da shi ma yana cin zare a tsawon shekaru, don haka ɗigon fenti ruwan ƙasa a cikin gam ɗin ya fi aminci. Hannun mai wankin hula ake so, da gam ɗin kafinta. Makaranta ce wurin koyar da wannan, amma a makarantun firamare da yawa darasin aikin hannu ya koma kawo tsintsiya ko sabulu a ƙarshen zango. Malamin da ke son maido da shi a Bunguɗu ko Tsafe ba ya buƙatar kayan waje: kara daga gona bayan girbi, tsohon rawani, silin waya, ledar yashi, gwangwanin gam ɗaya ga aji guda, da mai wankin hula ɗaya da za a gayyato ya nuna wa yara yadda ake gane danshi da yatsa.